Darasi: Zebulon Pike, Hafsan Bakin Iyakar Amurka

A shekarar 1803 Amurka ta yi cinikin biri a sama. Ta ba Faransa dala miliyan 15, ta karɓi yankin Luwiziyana, wanda ya tashi daga gaɓar kogin Misisifi ya miƙe yamma har duwatsun Rocky, faɗin ƙasa da ya kai murabba'in mil 828,000. Da wannan ciniki girman Amurka ya ninka. Sai dai daga Napoleon da ya sayar har Shugaba Thomas Jefferson da ya saya, babu wanda zai iya ɗora yatsa a kan taswira ya ce ga inda iyakar ta tsaya. Sifaniya, mai mulkin Meziko da Teksas a lokacin, tana da nata lissafin. Fataken fatu na Birtaniya suna cin kasuwarsu a arewa kamar ba a yi komai ba. Su kuwa ƙabilun asalin ƙasar, irin su Dakota da Ojibwe da Osage da Pawnee, waɗanda ke zaune a wurin tun kaka da kakanni, babu wanda ya tambaye su.

Aikin zuwa a ga abin da aka saya ya faɗa kan soja. Rundunar Amurka ta wancan zamani ƙarama ce, kimanin mutum 3,000, a warwatse cikin ƙananan sansanonin katako a bakin koguna. Hafsan irin wannan sansani shi ne mai biyan albashi, shi ne mai awon ƙasa, shi ne jakada wurin sarakunan ƙabilu, wani lokaci kuma shi ne alƙali. Lewis da Clark, waɗanda suka ratsa har tekun Fasifik daga 1804 zuwa 1806, su suka fi suna a wannan aiki. Amma rayuwar Zebulon Montgomery Pike ta fi nuna yadda aikin yake a zahiri, da wahalarsa da kurakuransa da waɗanda suka biya kuɗinsa.

Ɗan bariki

An haifi Pike ranar 5 ga Janairu, 1779, a jihar New Jersey, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Amurka. Sunan mahaifinsa aka sa masa, kuma sana'ar mahaifin ya gada, domin uban hafsa ne da ya yi yaƙi a rundunar George Washington, ya kuma ci gaba da soja bayan an gama. Yaron ya girma a sansanonin kwarin kogin Ohio, inda a lokacin ake gwabzawa da ƙabilun da ke kare ƙasarsu. A 1791 mayaƙan Miami da Shawnee da abokansu suka kashe sojojin Amurka fiye da 600 a rana ɗaya. A 1794 Janar Anthony Wayne ya rama a Fallen Timbers, kuma a wannan shekara ce Pike ya shiga rundunar mahaifinsa yana ɗan shekara 15.

Ya zama laftana a 1799, ya yi aure a 1801. Shekarun nan ba su da wani armashi. Rakiyar jiragen kayan abinci yake yi a kan kogi, da kai albashi daga wannan sansani zuwa wancan. Karatunsa na makaranta kaɗan ne, don haka ya duƙufa yana koya wa kansa lissafi da Faransanci. Yana da tsauri ga na ƙasa da shi, da biyayya ga na sama, da ƙishirwar yin suna wadda bai taɓa ɓoye ta ba.

Wanda ya lura da shi kuwa shi ne Janar James Wilkinson, babban hafsan sojan Amurka, wanda Jefferson ya naɗa gwamnan arewacin Luwiziyana. Wilkinson mai cin tudu biyu ne. Tun 1787 ya yi wa Sarkin Sifaniya rantsuwar biyayya a asirce, yana karɓar kuɗinsu, suna kiransa da lamba 13 a takardunsu. Har shawara ya ba su cewa su tare Lewis da Clark a hanya. An daɗe ana zarginsa, amma hujja ba ta fito ba sai a 1854, bayan mutuwarsa, da wani masanin tarihi ya tono takardun Sifaniya. Wannan mutum ne ubangidan Pike, kuma shi ya aike shi tafiye-tafiyensa biyu.

Neman mafarin Misisifi

Ranar 9 ga Agusta, 1805, Pike ya bar St. Louis da soja 20 a cikin jirgin katako mai tsawon ƙafa 70. An umarce shi ya gano inda Misisifi ya faro, ya nemi wuraren kafa sansani, ya kuma nuna wa fataken Birtaniya cewa ƙasa ta sauya mai ita. Ba a haɗa shi da likita ba, ba a haɗa shi da masanin taswira ba, kuma an tashe shi a ƙarshen bazara ya nufi wurin da koguna ke daskarewa.

Abin da ya fi daɗewa daga wannan tafiya shi ne wata takarda. Ranar 23 ga Satumba, a wani tsibiri a mahaɗar kogin Minnesota da Misisifi, ya zauna da shugabannin Dakota bakwai, ya nemi su ba Amurka fili don gina sansani. Biyu kaɗai suka sa hannu. Shi da kansa ya ƙiyasta filin ya kai eka 100,000, ya ce darajarsa dala 200,000 ce, amma a takardar sai ya bar gurbin farashi babu komai. Abin da ya bayar a wurin shi ne kayan kyauta na kimanin dala 200 da barasa. Da takardar ta isa Majalisar Dattawa a 1808, sai 'yan majalisa suka cike gurbin da dala 2,000, ba tare da an koma wurin masu ƙasa ba. Kowane ɗan kasuwa ya san cewa cinikin da mai saye ya rubuta farashinsa shi kaɗai bayan an watse ba ciniki ba ne. A kan wannan fili aka gina sansanin Fort Snelling, kuma garuruwan Minneapolis da St. Paul suka tashi a kewayensa. A hunturun 1862 zuwa 1863, bayan yaƙin Dakota, an tsare mutanen ƙabilar kimanin 1,600, yawancinsu mata da yara da tsofaffi, a wani shinge a gindin sansanin, daf da tsibirin da aka yi zaman. Da yawa sun mutu a can.

Daga nan sanyi ya rufe su. Pike ya gina kafi ya bar rabin mutanensa, sauran suka ci gaba a ƙasa suna jan kaya a kan ƙanƙara. Fataken Birtaniya da aka aiko shi ya ja wa kunne su suka sauke shi, suka ba shi abinci da wurin jin ɗumi. A tafkin Leech, a watan Fabrairu 1806, ya ci abincin wakilin kamfanin North West, sannan ya sa aka harbo tutar Birtaniya daga kan sandarta. Ya kuma rubuta cewa wannan tafki ne babban mafarin kogin. Ba shi ba ne. Sai a 1832 wani mutumin Ojibwe mai suna Ozawindib ya kai Henry Schoolcraft tafkin Itasca, inda ruwan ya faro. Pike ya koma St. Louis ranar 30 ga Afrilu, 1806, fataken kuwa suka ci gaba da harkarsu.

Tuta a ƙauyen Pawnee

Bai yi wata uku a gida ba aka sake tura shi. Ranar 15 ga Yuli, 1806, ya kama hanyar yamma da mutum ashirin da 'yan kai, cikinsu har da ɗan Wilkinson, da wani likita farar hula, John Robinson, da tafinta. Zai mai da mutanen Osage 51 da aka fanso daga hannun wata ƙabila, ya sulhunta Osage da ƙabilar Kansa, sannan ya bi kogin Arkansas da kogin Red ya gano mafarinsu. Yana kan hanya aka ƙara masa girma zuwa kyaftin.

A ƙarshen Satumba suka isa wani babban ƙauyen Pawnee a kan kogin Republican, suka tarar an riga su. Laftana Facundo Melgares na sojan Sifaniya ya zo daga Santa Fe da mahaya ɗaruruwa, ya raba kyaututtuka, ya bar tutar Sifaniya tana kaɗawa a ƙofar sarkin ƙauyen. Pike, da 'yan sojojinsa da suka yi futu-futu, ya tsaya a gaban taro ya nemi a sauke ta a ɗaga ta Amurka. Aka yi shiru, can wani dattijo ya tashi ya sauke. Da Pike ya ga fuskokin mutane, sai ya mai da musu tutar Sifaniyan ya ce su ajiye, kada su shiga uku idan mahayan suka dawo. Wannan dai ya yi hankali. Su Pawnee gaba kura baya sayaki ne, kuma ba su suka kira ko ɗaya daga cikin baƙin ba.

Da suka kai Arkansas sai aka rabu. Ɗan Wilkinson ya gangara da mutum biyar, Pike da mutum 15 suka bi kogin sama, suna bin sawun dawakan Sifaniyawa.

Hunturu a kan duwatsu

Ranar 15 ga Nuwamba ya hango wani abu can gaba kamar ɗan gajimare. Dutse ne. A wannan fili iska garau take, abu mai nisa sai ya zama kamar a kusa, kuma idon da ya saba da dazukan Ohio bai san haka ba. Ranar 24 ga wata ya ɗauki likita da soja biyu, da zaton za su hau su dawo cikin ɗan lokaci. Ranar 27 suna tsaye a kan wani tsauni daban, dusar ƙanƙara har ƙugu, kwana biyu babu abinci, sanye da kakin auduga na lokacin zafi, babban dutsen kuwa yana can gaba da nisa. Suka juyo. Pike ya auna tsayinsa daga ƙasa ya samu ƙafa 18,581, alhali ainihin tsayin ƙafa 14,115 ne, wato mita 4,302. Wani masanin tsirrai, Edwin James, shi ya fara hawansa a rubuce a 1820. Mutanen Ute, masu wurin, suna kiransa Tava. Duk da haka sunan Pike ne ya bi dutsen, musamman bayan rububin neman zinariya na 1859, kuma Pikes Peak ake ce masa a jihar Colorado har yau.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. Suka shiga duwatsu neman kogin Red, suka yi wata guda suna yawo, suka sami wani kogi suka bi shi da murna. Ranar 5 ga Janairu, 1807, ranar da ya cika shekara 28, Pike ya hau wani tudu ya gane wurin: Arkansas ne, zagaye suka yi suka dawo inda suka tashi. Mafarin kogin Red yana can kudu maso gabas, a Teksas, nesa da waɗannan duwatsu.

Hafsan da ya fi damuwa da mutanensa zai tsaya nan ya jira sanyi ya wuce. Pike ya bar dawakan da suka rame da mutum biyu, ya ɗora wa sauran kaya mai nauyin fam 70 kowanne, suka nufi duwatsun Sangre de Cristo a ƙafa. Sun riga sun yayyanka bargunansu sun yi safa. A dare ɗaya ƙafafun mutum tara suka daskare. Biyu daga ciki, John Sparks da Thomas Dougherty, ba su iya takawa, aka bar su a daji da ɗan nama da harsashi. Da wani soja ya yi gunaguni cewa ana ɗora musu kayan doki ga yunwa, Pike ya yi shiru har aka harbo ɓauna kowa ya ƙoshi, sannan ya kira shi gaban jama'a ya ce in ya ƙara, kisa ne hukuncinsa.

Bayan makonni, da aka tura masu ceto, mutanen biyu ba su iya tafiya ba tukuna. Sai suka ciro guntayen ƙashi daga yatsun ƙafarsu da suka ruɓe, suka ba 'yan aike su kai wa kyaftin, suna roƙonsa kada ya bar su su mutu a can. Pike da kansa ya rubuta labarin, yana mamakin yadda za su yi masa wannan zato. An fito da su daga baya, kuma babu wanda ya mutu a kan duwatsun. Amma sojojin da ke karɓar 'yan daloli a wata sun bar yatsunsu saboda kogin da ba ya nan. Adalci ya sa a faɗi cewa shi ma ba a inuwa ya zauna ba: shi ke fita farauta cikin sanyi lokacin da sauran suka kasa tashi, kuma kayansa a bayansa suke kamar kowa.

Baƙon dole

Sun gangaro wani kwari, suka gina kafi mai ƙarfi a bakin kogin Conejos, wanda ke zuba cikin Rio Grande, suka ɗaga tutar Amurka. Likita Robinson ya tafi Santa Fe shi kaɗai, wai zai karɓo wa wani ɗan kasuwa bashi. Ranar 26 ga Fabrairu, 1807, mahayan Sifaniya kimanin 100 suka iso. Pike ya nuna mamaki, ya ce shi a saninsa a kan kogin Red yake. Aka gaya masa cikin ladabi cewa a ƙasar Sarkin Sifaniya yake, kuma gwamna na son ganinsa. Ya sauke tuta ya bi su.

A Santa Fe Gwamna Joaquín del Real Alencaster ya bincika akwatinsa, ya ba shi abinci da sabuwar riga, ya tura shi kudu zuwa Chihuahua wurin babban kwamanda, Nemesio Salcedo. Wanda ya raka shi mafi yawan hanyar kuwa Melgares ne, mai tutar nan, kuma kafin su isa sun zama abokai. Salcedo ya ƙwace takardunsa, ya hana shi rubutu. Amma ya yi kuskure babba. Ƙasar da Sifaniya ta yi shekaru tana rufe ta ga baƙi, sai ga shi an ratsa ta da hafsan Amurka mai ido da kunne, yana cin abinci da limaman coci da hafsoshi, yana tambayar yawan soja da farashin kaya da inda ake haƙar azurfa. Yakan rubuta abin da ya ji a 'yan ƙananan takardu, ya nannaɗe, ya cusa a cikin bututun bindigogin sojojinsa. Aka bi da shi ta San Antonio, aka sake shi a Natchitoches, cikin Luwiziyana, ranar 1 ga Yuli, 1807. Wasu daga cikin mutanensa sai bayan shekara biyu suka dawo.

Ya tarar ƙasa ta ɗau zafi. Ana tuhumar tsohon mataimakin shugaban ƙasa, Aaron Burr, da cin amana, wai ya shirya ɓalle yamma ko mamaye Meziko. Wilkinson, wanda suka ƙulla abin tare, shi ya tona shi don ya tsira. Kotu ta wanke Burr, amma ƙurar ta taɓa Pike, aka ce tafiyarsa leƙen asiri ce ta maƙarƙashiyar. Akwai abin da ke ƙarfafa zargin, domin tun farkon tafiya ya rubuta wa Wilkinson irin uzurin da zai bayar in ya gamu da sojan Sifaniya. Akwai kuma abin da ke raunana shi: mai ɓatan ƙarya ba ya yin wata guda yana zagaye cikin ƙanƙara har ya kusa halaka. Takardun da Salcedo ya ƙwace an gano su a ma'ajiyar tarihi ta birnin Meziko bayan shekara ɗari, aka mai da su Amurka a 1910, kuma babu hujjar cin amana a cikinsu. Abin da ya fi kama hankali shi ne leƙen ya yi wa ƙasarsa, ɓatan kuma na gaske ne. Sakataren yaƙi Henry Dearborn ya wanke shi, amma majalisa ba ta ba shi ko mutanensa ladan fili da ninkin albashi da ta ba ayarin Lewis da Clark ba.

Littafinsa ya fito a 1810. A hargitse yake, har masanin Jamus Alexander von Humboldt ya koka cewa an kwafi taswirarsa ba izini. Duk da haka an fassara shi zuwa Faransanci da Jamusanci da harshen Holan, kuma abu biyu a cikinsa sun yi tasiri. Na farko, ya kwatanta filayen ciyawa na yamma da hamadar Afirka, ya ce ba za su nomu ba, gara a bar wa ƙabilu masu yawo. Wannan ra'ayi ya zauna a taswirorin Amurka shekaru da yawa, alhali filayen Kansas da Nebraska yau suna cikin manyan wuraren noman alkama da masara a duniya. Na biyu, ya bayyana tsadar yadi da kayan ƙarfe a Santa Fe da arhar dabbobi, 'yan kasuwar Missouri kuwa suka karanta da idon riba. Da Meziko ta sami 'yanci a 1821, William Becknell ya isa garin da kayan sayarwa, ya buɗe hanyar fatauci ta Santa Fe. Gwamnan da ya tarbe shi Melgares ne. A 1846 sojan Amurka ya bi wannan hanya ya ci garin.

York

Pike ya ci gaba da hawa: manjo a 1808, kanar da aka fara yaƙi da Birtaniya a 1812, birgediya janar a Maris 1813. Ranar 27 ga Afrilu na wannan shekara jiragen Amurka suka tsallaka tafkin Ontario da soja kimanin 1,700 suka nufi York, babban birnin lardin Upper Canada, garin da ake kira Toronto yanzu. Dearborn, wanda ya koma fagen daga a matsayin babban kwamanda, ya zauna a jirgi, Pike ya jagoranci sauka. Suka ture masu tsaron gaɓa, suka ci wuraren igwa, suka tsaya daf da sansanin garin suna jiran a miƙa wuya.

Janar Roger Sheaffe na Birtaniya ya riga ya yanke shawarar janyewa, kuma kafin ya fita ya sa a cinna wa rumbun albarushi wuta. Rumbun na dutse ne. Da ya tashi, duwatsu da katakai suka yi ruwa a kan sahun Amurkawa, mutum 38 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. An ruwaito cewa Pike na zaune yana yi wa wani sajen Birtaniya da aka kama tambayoyi, sai wani babban dutse ya same shi a baya. Aka ɗauke shi zuwa jirgi, ya cika a ranar, yana da shekara 34. An binne shi a Sackets Harbor, jihar New York.

Kafin ya sauka gaɓa ya yi wa sojojinsa kashedi mai tsanani kan taɓa dukiyar farar hula. Da ya mutu babu mai riƙe su. An wawashe gidaje, an ƙona ginin majalisar lardin. A Agusta 1814 sojan Birtaniya ya shiga Washington ya ƙona majalisar Amurka da fadar shugaban ƙasa, kuma cikin dalilan da aka bayar har da abin da aka yi a York.